Sahabi da Turke na Uku

Sahabi ɗan Garba Marini bai iya zama ba. Wannan ba zagi ba ne, ko da yake ni taubashinsa ne, innata da ubansa nono ɗaya suka sha, don haka zaginsa halal ne a gare ni har ranar da ɗayanmu zai binne ɗaya. In ka shimfiɗa masa tabarma, gefe ɗaya yake ɗosanawa, ɗaya gefen yana kan hanya. Matarsa Tamada takan ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin ya gama tuwo a zaune ba, lomar ƙarshe a bakin ƙofa yake haɗiye ta.

A Tungar Wakili aka haife shi, wani ƙauye a bakin kogin Kwara, kudu da Yelwa. Kada ka tambayi inda yake yanzu, kifi ne ke kwana a masallacinsa. Ubansa yana da karofi bayan masallacin nan, ramukan rini tara, kowanne ya fi tsayin mutum zurfi. Sahabi yana ɗan shekara bakwai ya faɗa cikin ɗaya. Aka tsamo shi shuɗi fes, ya yi wata guda awaki suna gudunsa. Ni na ce tun ran nan ya ƙi yarda da duk inda aka ce masa ya tsaya.

Da aka gama madatsar Kainji ruwa ya taso, aka kwashe mu zuwa tudu kusa da Wara, aka zuba mu cikin gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, kowa yana shiga gidan maƙwabcinsa don duk kamarsu ɗaya. Garba ya nemi inda zai haƙa karofi, ƙasar duk tsakuwa ce, shekara biyu ya rasu. Sahabi kuwa ya kama yawon bakin ruwa. Kowace safiya yana can yana nuna wa kansa: nan ne tsamiyar kasuwa, can ne gonar wane, wancan kumfan kan maƙabarta yake.

Ya ɗan yi yaƙi da jahilci, ya iya rubuta lamba tsaf. To da wata jami'a ta buɗe ƙaramin ofishin binciken ruwa a Yelwa, aka ce ana neman wanda zai riƙa duba tsayin ruwa kullum da safe, kowa ya ce ai ga mai yi kyauta, a ba shi. Aikin ba wuya. Turaku biyar ne na katako aka kafa daga tudu zuwa gangare, kowanne da zane-zanen ƙafa da inci. Tafkin yakan cika da sanyi, ya riƙa ja da baya har tsakiyar damina. In ruwa ya saki turke na ɗaya sai a koma duba na biyu, haka har na biyar. Sahabi ya duba, ya rubuta a littafi, ƙarshen wata in zo in karɓa, don ni ne direban ofishin.

Amma abin da ya ɗaukaka Sahabi ba littafin nan ba ne. Duk shekara in ruwa ya ja, yakan saki ƙasa mai kyau, ta albasa da shinkafa, sai dai ya shafe iyaka kaf. Sai faɗa. Wannan ya ce daga nan gonar kakansa ta fara, wancan ya ce kakanka ko kaza bai mallaka ba. In aka je gaban Alkali Modibbo na Wara, yakan saurara har ya gaji, sannan ya ce, “A kira Sahabi.” Sahabi ya zo a tsaye, ya faɗi inda kututturen ɗorawa yake, a tona a samu. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa mayar da shaidarsa ba. Ba shi da sa, ba shi da sarauta, rigarsa ta Juma'a ɗaya ce. Wannan “a kira Sahabi” shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka turo mana Dakta Jibrin. Yaro ne dogo, bai fi talatin da biyar ba, ya dawo daga ƙasar Turai da digiri na uku da tabarau da wata lema da ba ya buɗewa. Ranar farko na ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Ya dube ni kamar na taka masa sabon takalmi, ya ce, da Turanci, shekara shida ya yi yana cire “Malam” daga sunansa. Mutumin ƙasar nan ne, na san garinsu, na san har mai sayar da fura a ƙofar gidansu, amma Hausa ta zube masa a jirgin sama. In zai yi magana da talaka sai ya yi da Turanci, ni Cindo in juya. Ni da Turancina na tasha.

A watan Agusta, ruwa yana can ƙasa, na kai shi Wara. Ya dubi turakun Sahabi, ya ga sun tsufa, kuma ba a jere suke ba, na uku ya kauce can gefe kan wani dutse. Ya ce wannan aikin jahilai ne. Za a kafa sababbi na ƙarfe a kan siminti, a miƙe sak kamar sahun salla. Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya rufe ido ɗaya, yana ɗaga hannu lebura suna buga alama.

Da aka zo wurin kafa turke na uku Sahabi ya fara kai da komo. Ya je ya taka wurin, ya dawo, ya sake zuwa.

“Cindo, gaya mishi nan ba ya riƙe turke. Karofin babanmu ne. Laka ce ta cike ramukan, sama ta bushe, ƙasa kunu ne.”

Na juya masa iyakar iyawata. Dakta bai ɗago daga na'urar ba. Ya ce in tambayi mutumin nan a wace jami'a ya karanci ƙasa.

“Mi yac ce?” in ji Sahabi.

“Ya ce yana gaishe ka, kuma a ina ka yi karatu.”

“Ce mishi cikin ramin na yi. Har na sha ruwan.”

Lebura suka tuntsire da dariya. Nan ne muka yi kuskure, don Dakta zai iya yafe maka duka, amma ba dariya ba. Ya ce a kafa nan, kuma daga yau mai duba ruwa ya duba ruwa, kada ya ƙara duba aikin masana. Aka zuba siminti. Aka tuge tsofaffin turakun, lebura suka yi itacen girki da su.

Ruwa ya dawo ya rufe komai. Ya cika, ya tsaya, ya fara ja. A watan Maris ya saki turke na biyu ya koma na uku, sai Sahabi ya ga abin da yake tsoro. Jiya ruwa yana wani tsayi, yau da idonsa ya ga ya ragu, amma turke ya ce ya ƙaru da ƙafa ɗaya da inci huɗu. Turken ya nutse cikin laka, shi ke nan. Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana shawara da kansa. Zai iya cire ƙafar nan da inci huɗun a ransa ya rubuta abin da ya san shi ne daidai. Amma an ɗauke shi ne ya rubuta abin da turke ya ce. Ya rubuta shi, a gefe kuma ya ƙara da babban baƙi: turke ya nutse. Kullum haka, kwana arba'in, layi arba'in. Na kai littafin da hannuna, na ma buɗe wa Dakta wurin. Ya ce in ajiye. Lambobin kaɗai akawu ya kwafe, don rubutun gefe Hausa ne, kuma na lebura.

Can aka haɗa lambobin Wara da na madatsa da na Yelwa, aka ga na Wara sun yi tsalle su kaɗai. Daga jami'a Farfesa Haruna, ubangidan Dakta, ya aiko da wasiƙa. Ban karanta ba, amma na ga kunnuwan Dakta lokacin da yake karantawa. Ya ce in tada mota.

Ranar kasuwar Wara ce. Bakin ruwa cike da kwale-kwale, ana sauke buhunan albasa, mata na soya kifi. Aka kira Sahabi daga gonarsa, ya zo da ƙasa a hannu. Dakta ya hau kan wani kwale-kwale da aka kife, ya fara Turanci da ƙarfi. Ya ce ya gano komai: lambobin sun lalace ne daidai lokacin cirar albasa, wato mutumin nan yana gona, ba ya zuwa bakin ruwa, yana zaune yana ƙirƙirar lamba daga kansa. Ya ce in faɗa wa jama'a maƙaryaci ne, kuma an kore shi.

Na dubi Sahabi. Na gyara murya na ce, “Jama'a, Dakta ya ce an samu ɗan saɓani a lissafi, za a ba Sahabi hutu ya…”

“Ba haka na ce ba!” in ji Dakta, da Hausa garau, irin ta ƙofar gidansu. “Cewa na yi maƙaryaci ne. Ma-ƙar-ya-ci. Kai ma ka kiyaye ni.”

Wata tsohuwa mai kifi ta ce, “Laa, ashe yana ji!” Amma ba wanda ya yi dariya sosai. Kalmar ta riga ta faɗi a kasuwa, kuma daga bakin mai digiri uku.

Sahabi ya ce, “Dakta, ga turken can, mu shiga jirgi ka gani.”

Dakta ya ce shi da hannunsa ya auna turken da na'urar da kuɗinta ya fi ƙauyen nan, ba zai sake aunawa don wani manomin albasa ba. Ya miƙa masa takardar kora mai hatimi, ya shiga mota. Na ja shi zuwa Yelwa, duk ramin da na gani a hanya sai da na gaishe shi da taya.

Bayan mako biyu aka kawo ƙarar iyaka gaban Alkali Modibbo. Ya ce a kira Sahabi. Sai ɗaya daga masu ƙarar, wani Musa mai bakin tsiya, ya miƙe ya ce, “Allah gafarta Malam, wanda gwamnati ta ce maƙaryaci ne, da takarda da hatimi, shi zai raba mu?” Alkali ya shafa gemu. Ya ce, “Sahabi, ni na san ka. Amma shari'a ba sanayya ba ce. An jefe ka a bainar jama'a, sai ka wanke kanka.” Karon farko ke nan Sahabi ya fita daga kotun nan ba a tambaye shi komai ba.

Wankin kuwa ba ya yiwuwa sai ruwa ya saki gindin turken, wato sai an yi wata biyu. Ban taɓa ganin mutum ya jira abu kamar yadda ya jira ba. Da can sau ɗaya yake zuwa bakin ruwa, yanzu sau biyar. Ya kafa kara a bakin gaɓa, ya je ya yi alwala ya dawo ya ga ko ruwan ya matsa. Albasarsa ta ruɓe a rumfa bai juya ta ba. Tamada ta ce mini ko a salla ƙafarsa tana motsi. In ya ratsa kasuwa masu gaishe shi sun ragu, yara kuma sun samu waƙa. Na je masa ranar wata Juma'a na ce, “Kai, shuɗin akuya, in ka ci gaba da zuwa haka ruwan zai ji kunya ya ƙi tafiya.” Bai rama ba. Taubashin da bai rama zagi ba, to abin ya kai inda ya kai.

A tsakiyar Yuni ruwa ya saki turke na uku. Ga shi nan a karkace kaɗan, simintin gindinsa ya ɓace cikin laka. Sahabi bai jira ta bushe ba. Ya ɗauki shebur da ƙwarya ya shiga. Kwana uku yana kwasa. Rana ta biyu shebur ya bugi abu mai tauri, sai ga bakin rami zagaye, da shafen nan mai ƙarfi da marina ke yi wa ramukansu. Turken Dakta a tsakiyarsa yake zaune, kamar muciya a tukunya. Rana ta uku ya kai ga tsohon dagwalon baban rini da ya kwanta a ƙasa, baƙi mai shuɗi, da warinsa da duk wanda ya tashi a Tungar Wakili zai gane ko a kabari. Sahabi ya tsaya cikin ramin bai yi motsi ba. Tamada ta ce shi ne tsayuwa mafi tsawo da ta taɓa gani ya yi.

An yi sa'a, ko an yi rashinta, a makon nan Farfesa Haruna ya zo Yelwa da wasu malaman jami'a su ji takardar Dakta a kan ruwan Kainji. A zauren wata makaranta aka yi. Ni ina bakin taga. Na daɗe ina kai masana wurin taro, na kuma lura ba sa zuwa don su ji, suna zuwa ne don su yanka. Dakta yana karatu, ɗaya yana duba agogo, ɗaya yana dariya ta hanci, Farfesa ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi, sai ya buɗe ya ce, “Wa ya koya maka wannan? Ba ni ba dai.” Dakta, wanda ya hau kwale-kwale a Wara, ya koma kamar ɗan firamare da ya jiƙa wando.

Ana cikin haka Sahabi ya shigo, da bokiti a hannu, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Daga Wara ya biyo motar albasa. Masinja ya tare shi ya ce taron masana ne. Ya ce, “To ai ƙasa na kawo musu, su karanta.” Ya wuce ya dire bokitin a kan teburin mai farin ƙyalle.

“Salamu alaikum. Ni ne maƙaryacin Wara.”

Farfesa ya toshe hanci ya tambayi ko wane ne wannan. Na leƙo ta taga na yi bayani, ba wanda ya sa ni. Sai na ga idon Farfesa ya yi haske. Ba gaskiya ya hango ba, Allah ya gafarta mini, nama ya hango. Ya ce a tada motoci.

Kafin mu isa labari ya riga mu. Rabin Wara na bakin ramin, har Alkali Modibbo da sandarsa. Farfesa ya tattare babbar riga ya leƙa. Ya sa Dakta ya kafa na'urar nan mai ƙafa uku ya sake aunawa a gaban kowa. Ƙafa ɗaya da inci shida, ya ma ƙara nutsewa. Na ɗauko littafin da na taho da shi daga ofis, Farfesa ya ga layi arba'in na “turke ya nutse”. Daga nan ya buɗe baki. Ya fara da Turanci, ya ga jama'a ba sa cin moriyar abin, ya juya Hausa. Ya ce Dakta jaki ne mai tabarau, ya ce digirinsa a nannaɗe ƙosai da shi, ya ce ko akuyar garin nan ta fi shi sanin ƙasa. Mutane suna ta shewa. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin haƙorina.

Sahabi ne ya katse shi. Yana ta zagaya ramin tun ɗazu, sai ya tsaya.

“Ranka ya daɗe, ba don a ci mutuncinshi na kira ku ba. Da zagi na gyara turke, da nawa ya miƙe tuni. Abu guda nika so. A nan aka ce ni maƙaryaci ne, a nan nika son a ce ba haka ba ne.”

Farfesa ya dube shi sama da ƙasa, kamar yanzu ya lura bokitin yana da mai shi. Ya ce, “Kai kuma wa ya ba ka izinin magana ina magana? Jami'a ba ta gyara takarda a kasuwa. Za a rubuto.” Ya juya ya nufi mota. Dakta ya naɗe na'urarsa, ya wuce ta gaban Sahabi, ya ɗan tsaya, bakinsa ya motsa. Na rantse na zaci zai faɗa. Sai Farfesa ya danna ham, Dakta ya ruga.

Sahabi ya bi motar da ido. Ya yi wata biyu yana jiran kalma ɗaya, ga ta ta shiga mota ta tafi.

Sai Alkali Modibbo ya matso. Tsoho ne, a hankali yake komai. Ya zura sandarsa cikin ramin, ya zaro, ya dubi shuɗin da ya kama bakinta, ya sansana. Ya ce, “Allah ya jiƙan Garba. Rawanin da na yi saukar karatu da shi a ramin nan aka rina shi.” Sannan ya ɗaga murya yadda har masu kwale-kwale za su ji: “Musa, kana nan? Ƙararku da aka ɗage, gobe da hantsi. A kira Sahabi.”

Takardar jami'a ta zo bayan wata huɗu. Ta ce an samu tangarɗar kayan aiki a tashar Wara, kuma mai duba ruwa yana iya komawa bakin aikinsa. Ba sunan Sahabi, ba sunan Dakta, ba maganar ƙarya. Na karanta masa a tsaye, don ya ƙi zama. Ya ce in mayar musu, su ba turken ya sa hannu. Bai koma ba. Dakta kuwa na ji ya zama Farfesa daga baya, an ce ɗalibansa ba sa shiga ofishinsa sai sun yi addu'a.

Sahabi yanzu ya haura sittin, gwiwa ta fara ba shi shawara, ba ya ji. Ya sassaƙa turakunsa na kansa guda biyar, na uku yana can gefe kan dutsen nan na da. Kullum da safe yana duba su, yana rubutawa a littafin da ba mai karɓa. Shekaranjiya na same shi a bakin ruwa na ce, “Kai tsohon banza, wa kake rubuta wa?”

Ya ce, “Ba kai ba dai, jahili, mai juya Turanci kamar mai juya tuwon ƙasari. Matsa, kana tare mini inci biyu.”

Na matsa. Kafin in sami amsa har ya kai turke na gaba.